Dashe da Raino: Nazarin Kuɗin Agajin Muhalli a Arewacin Jihar Sakkwato

Ƙananan hukumomin Jihar Sakkwato da ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, wato Gudu da Tangaza da Illela da Gada da Sabon Birni da Isa, suna cikin yankunan da aka daɗe ana ambatonsu a takardun neman agajin muhalli daga ƙasashen waje. Kusan shekara 40 ke nan kuɗin gwamnatocin Turai da na Bankin Duniya yana shigowa da sunan yaƙi da kwararowar hamada, ana kafa gandayen renon itatuwa, ana haƙa rijiyoyin burtsatse, ana raba dashe da damina, wannan shiri na ƙarewa wani na tasowa da sabon suna da sababbin motoci. Duk da haka manomin Gada har yau yakan sake shuka gero idan iskar farkon damina ta binne masa tsiro da rairayi, matan Tangaza kuwa nisan tafiyarsu wajen neman itacen girki sai ƙaruwa yake yi. Wannan nazari ya ɗauki yankin a matsayin lamari guda, ya bi sawun kuɗin tun daga inda aka yi alkawarinsa har inda aka sa dashe a rami, domin a gane matakin da amfaninsa yake tsiyayewa. A ganina matakin a fili yake: kuɗin yana biyan dashe amma ba ya biyan raino, alhali a ƙasa irin tamu ran itace a hannun mai raino yake.

Yadda ƙasar take

Daminar Sakkwato gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan da ke sauka a birni a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, yana ƙara raguwa idan aka nausa arewa. Sauran watanni 8 rani ne, a ƙarshensa kuma bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mafi yawan gonakin tudu jigawa ce, wadda idan ta rasa saiwar da za ta riƙe ta iska ke kwasa. Ƙauyen Gidan Kaura da ke Gada ya yi suna a rahotanni saboda tsibin rairayin da ya cinye gonaki da gidaje, tafkin Kalmalo na Illela kuma ya ja baya ƙwarai daga yadda dattawa suka san shi. Ƙasar da ta tsiraita illa biyu take haifarwa, domin ruwan da ya kamata ya nutse sai ya gudu, ya kwashi laka ya zuba a gulbi da madatsa. Mutanen kwarin Rima sun ga ambaliyar Satumban 2010, sun kuma ga yadda ruwan madatsar Goronyo, wadda aka gina don ɗaukar kubik mita miliyan 942, ya ragu zuwa kusan kashi 10 cikin 100 a 2018 har ruwan shan birni ya shiga haɗari.

Akwai kuskuren fahimta guda da ya yi tasiri a kan yadda aka tsara kuɗin tun farko. An daɗe ana kwatanta hamada da runduna mai tahowa daga arewa a sahu ɗaya, wadda za a tare da katanga. Binciken masana ya nuna cewa lalacewar ƙasa daga ciki take farawa, tabo-tabo, a kewayen gari da bakin rijiya da gonar da aka shekara ana nomawa ba hutu ba taki, sannan tabban su haɗe. Wanda ya ɗauka cewa daga waje cutar take zuwa, layin itatuwa zai nema a bakin iyaka. Wanda ya san a cikin gona take, mai gonar zai nema.

Kuɗin da hanyar da ya biyo

Bayan farin 1972 zuwa 1974 gwamnatin tarayya ta fara shirin dashen itatuwa a jihohin da fari ya fi taɓawa. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 1990 kuma Bankin Duniya ya ba da rance don shirin gandun daji kashi na biyu, wanda ya haɗa da tsohuwar Jihar Sakkwato, tun Kabi da Zamfara suna cikinta. A wannan zamani aka kafa da yawa daga jerin dogon yaro da turare masu tare iska da ake gani har yanzu a wasu wurare, aka kuma horar da ma'aikatan gandun daji da suka riƙe aikin shekaru masu yawa. Wannan alheri ne na gaske, kuma rashin adalci ne a ce agajin bai bar komai ba.

A gefe guda Ƙungiyar Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shirin kare muhalli na musamman a Sakkwato, tare da makamantansa a Katsina da yankin Gashuwa. Yadda waɗannan suka ƙare shi ne darasin da ya fi kowane nauyi a tarihin lamarin. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, marubuci mai fafutukar kare muhallin Ogoni, da mutum 8 a Fatakwal, Tarayyar Turai kuwa ta mayar da martani da dakatar da agajin raya ƙasa ga Nijeriya. Ko mene ne hukuncin mutum a kan dacewar takunkumin, abin lura shi ne kuɗin ya tsaya a farkon rani, wato dashen da aka sa a daminar wannan shekara ya shiga raninsa na farko daidai lokacin da aljihun da ke biyan mai gadi da mai ban ruwa ya rufe, a kan laifin da manomin Gada bai san hawa ba bai san sauka ba.

Zango na uku shi ne na Babbar Koriyar Ganuwa, wadda Shugaba Olusegun Obasanjo yana cikin waɗanda suka fara kira gare ta, Tarayyar Afirka kuma ta amince da ita a 2007. Tsarin farko shi ne jerin itatuwa mai tsawon kimanin kilomita 8,000 da faɗin kilomita 15, daga Senegal zuwa Jibuti, daga baya aka sauya shi zuwa gyaran ƙasa iri-iri da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma da doka a 2015, Sakkwato kuma tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Rahoton da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da hamada ta fitar a 2020 ya nuna cewa a cikin yankin da aka shata, hekta miliyan 4 kacal aka gyara, wato kashi 4 cikin 100 na burin. A Janairun 2021, a wani taro a Paris, masu ba da agaji suka yi alkawarin dala biliyan 14.3, adadin ya kai biliyan 19 daga baya. Sai dai mafi yawan wannan kuɗi ba a hannun hukumomin Ganuwar ake danƙa shi ba; ta bankunan raya ƙasa da ayyuka daban-daban yake bi, har ya zama da wuya mutum ya nuna wani fili ya ce ga inda kaza daga cikinsa ya sauka.

Mafi girman abin da ke ƙasa yanzu shi ne shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a yankuna masu ƙarancin ruwa, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021 a kan dala miliyan 700, don jihohin Arewa 19 da Abuja, da wa'adin shekara 6 da burin gyara hekta miliyan 1. Ya gaji shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa da aka fara a 2012. Kuɗin daga asusun Bankin na ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi yake fitowa, wanda gwamnatocin ƙasashe masu arziki ke zuba wa gudummawa duk shekara 3, shi ya sa ake lissafa shi cikin agaji. Amma rance ne, mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, kuma za a biya.

Abin da ke samun dashe bayan an ɗauki hoto

A gandun reno ana zuba iri a baƙar leda tun cikin bazara, ana ba shi ruwa safe da yamma a ƙarƙashin rumfa. Lokacin da ya dace a fitar da shi shi ne Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna, domin ya sami wata 2 cur yana kafa saiwa. Amma kuɗin aiki yana da nasa kalandar: sai an amince da tsarin shekara, sai jiha ta biya kasonta, sai an tallata kwangila an tantance, sai ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami. Sau da yawa kafin wannan ya kammala Agusta ta yi nisa. Sai a loda dashen a mota, saiwarsa ta riga ta nannaɗe a gindin leda, a bi da shi hanyar yashi yana jijjiga, a sauke a rana, 'yan ƙodago da ake biya bisa yawan rami su binne shi da gaggawa. A rubuta adadi, a ɗauki hoto, a aika da rahoto.

Daga nan aikin gaskiya yake farawa, kuma daga nan kasafin kuɗi yake ƙarewa. Ruwa na ɗaukewa zafin kaka ya sauka. Da an gama girbi aka kwashe dammuna, sai a saki dabbobi, jar akuyar Sakkwato kuwa ba ta ganin ɗanyen ganye a cikin busasshen fili ta wuce shi. Gara na ci ta ƙasa, hunturu na busarwa ta sama, bazara na jira a gaba. Dashen da zai tsallake wannan yana bukatar shingen ƙaya da za a riƙa sabuntawa, da ruwan jarka a kai a kai daga rijiyar da mutane da dabbobi ke layi a kanta, ba na rani ɗaya ba, na biyu har na uku. Wani abin baƙin ciki shi ne ita kanta ƙayar shingen daga rayayyar aduwa ko bagaruwa ake saro ta, wato a illata itacen da ya riga ya kafu don a kare wanda ba a da tabbacin rayuwarsa. Inda aka sa waya kuma, idan alawus ɗin mai gadi ya yanke, wayar ba ta daɗewa.

Bayan wahalar raino akwai tambayar da ta fi ta zurfi, wato itacen na wane ne. Idan an yanki gefen gonar mutum aka ja layin turare, shi ne zai rasa kunyoyin shuka, shi ne saiwar za ta shanye wa lema, shi ne tsuntsaye za su sauka su ci wa gero, amma ranar da ya sari reshe don gyaran rumbu sai malamin daji ya ci shi tara. Abin da ya koya shi ne wannan itacen gwamnati ne, kuma mutum ba ya kwana yana gadin abin da asararsa tasa ce ribarsa ta wani. Hadisin da ake yawan karantawa a bukin dashe ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ladan da cin amfanin aka haɗa shi, cin amfani kuwa sai itacen ya rayu ya girma.

Ba mugunta ce ta sa tsarin ya kasance haka ba. Gwamnatin da ta ba da kuɗin harajin mutanenta dole ta koma majalisarta da abin da ake ƙirgawa a cikin wa'adin aiki, shekara 5 ko 6: dashe kaza, rijiya kaza, taron bita kaza, mahalarta kaza. Gawo kuwa sai ya haura shekara 10 kafin a ga cikakken amfaninsa a gona. Saboda haka kowa a cikin jerin, daga jami'in da ke Turai zuwa ɗan kwangilar da ke Sakkwato, zai iya cika aikinsa daidai da takarda, filin kuma ya koma yadda yake. Ko da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a 2023 yana binciken naira biliyan 81.2 da aka ce an kashe a kan itatuwa miliyan 21 a jihohin Ganuwar, hankalin jama'a a kan kuɗin da yawan abin da aka dasa ya tsaya. Tambayar da ta fi dacewa da manomi ita ce nawa ne ke tsaye da ganye a yau, kuma a wace gona.

Tsallaken iyaka

Amfanin nazarin wannan yanki shi ne ma'aunin kwatance yana kusa. Wanda ya fita ta Illela ya shiga Ƙonni ya sami mutane masu harshe ɗaya da noma ɗaya, ruwansu ma bai kai namu ba. Su ma sun sha agajin dashen da ya mutu. Amma a can an sami wasu ayyuka da suka bi wata hanya.

A 1983 wani ma'aikacin agaji ɗan Ostareliya da ke Maraɗi, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da ganin dashensa yana mutuwa, ya lura cewa ƙananan ciyayin da ke tofowa a gonaki kowace shekara rassan itatuwan da aka sare ne, kututturensu da saiwarsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manomanmu sun san wannan tofo sarai, shi ne suke sharewa lokacin sassabe, su tara su cinna wa wuta. Dabarar da aka yaɗa, wadda mutanen can ke kira sassaben zamani, ita ce idan manomi ya zo kan gindin sabara ko kalgo ko geza ko gawo, maimakon ya share duka, sai ya zaɓi rassa 3 zuwa 5 da suka fi ƙarfi da miƙewa ya bari, ya cire sauran, ya aske ƙananan rassan gefe da wuƙa mai kaifi yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Tun da saiwar tsohuwa ce ta riga ta kai ga lema, ba ban ruwa, ba leda, ba mota. Abin da ya cire itacen girki ne a ranar, badi kuma ya sare reshe ɗaya ya bar wani ya maye gurbinsa.

Ko wannan bai tsira daga cutar agaji ba da farko. A yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci, manoma suka bar itatuwa kusan 500,000, amma da rabon ya ƙare aka sare kusan kashi 2 cikin 3. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga iska ta daina binne musu shuka, suka ga gero ya fi kyau a gindin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ba su da abin ci. Daga gare su maƙwabta suka ɗauka. Abin da ya ba lamarin ƙafa shi ne sassaucin da aka samu a kan ikon ma'aikatan daji, da sauye-sauyen dokar karkara a 1993 da ta daji a 2004, har manomi ya sakankance cewa itacen da ya rena nasa ne. A ƙauyen Ɗan Saga mutane suka kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da mata da Fulani makiyaya, suka sa wa kansu dokar sara da tararta. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan'adam a tsakiyar shekarun 2000, sun kiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200. Wannan ya zarce abin da rahoton 2020 ya lissafa wa Ganuwar baki ɗaya a cikin yankinta.

A jihar Tawa, wadda ita ce maƙwabciyarmu kai tsaye, akwai misalai uku. A kwarin Majiya ƙungiyar agaji ta CARE ta fara jera dogon yaro layi bibbiyu a 1975, kuma aikin ya ɗore ne bayan da aka bar wa mutanen gari ikon sarar rassa su raba amfanin. A Keita gwamnatin Italiya ta zuba kuɗi mai yawa daga 1984 wajen gyaran tuddai da kwazazzabai, mata ne suka yi mafi yawan aikin ɗaukar dutse. Na ukun shi ya fi jan hankalina. A Illela ta Nijar wani shirin asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kwashi wasu manoma a 1989 ya kai su Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo, a zuba taki a ciki, ruwa ya taru, a shuka gero. Suka dawo suka gwada a gonakinsu, abin ya yaɗu har mutane suka fara sayen faƙon da a da ba mai karɓarsa kyauta. Kuɗin mota da guzurin waɗannan manoma ƙila shi ne mafi ƙanƙantar layi a kasafin shirin.

Ba daidai ba ne a mayar da labarin Nijar tatsuniya. Damina ta ɗan gyaru a Sahel tun daga shekarun 1990, kuma wannan ya taimaka. Talauci da yunwa ba su bar ƙasar ba. Aikin Keita kuma ba mai araha ba ne. Agaji ma yana cikin labarin tun daga farko har ƙarshe. Bambancin shi ne an kashe shi a kan abin da zai ci gaba ko da mai bayarwa ya tafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafinsu ga Nijar, kamar yadda aka yi mana a 1995, amma gawon da ke gonar manomin Maraɗi ba ya jiran albashin kowa.

Bashi da ƙarancin da ke tafe

A taron Kofanhegin na 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020 don taimaka wa ƙasashe masu tasowa a kan sauyin yanayi. Ba su cika ba sai 2022, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na kason gwamnatoci rance ne. A Baku a 2024 an ɗaga alkawarin zuwa biliyan 300 kafin 2035, amma a aikace hannun janyewa yake yi: Birtaniya ta rage agajinta daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarta zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar a 2025 cewa zai sauka zuwa 0.3, Amurka kuwa ta rusa hukumarta ta agaji, USAID, a 2025 ɗin. Mutanen Sakkwato ba su da hannu a hayaƙin masana'antun da ya ɗumama duniya, saboda haka neman a biya su haƙƙi ne, ba roƙo ba. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya tsara makomar gonarsa a kan kasafin wata majalisa mai nisa ya jingina da abin da ba ya hannunsa.

Rancen da dala ake biyansa. Lokacin da aka amince da ACReSAL dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. Biyan bashin waje daga asusun ƙasa da kason jihohi ake cire shi, wato daga kuɗin da zai tafi asibiti da makaranta. Yaron da ke aji ɗaya yau yana cikin waɗanda za su biya, ko itacen ya rayu ko bai rayu ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin bai kamata mu riƙa karɓar waɗannan ayyuka da godiya kawai ba, kamar kyauta. Wanda ake ci wa bashi da sunansa yana da ikon ya nemi lissafi.

Akwai kuma abu biyu da ke cin aikin ta baya. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, ga kananzir da gas sun yi tsada, gidaje da gidajen burodi da masu tsire sun ƙara dogara ga itace da gawayi, kuma motocin itacen da ke shigowa birni kullum suna kwashe abin da dashen shekaru ba zai mayar ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan murhu mai tsimin itace, kuma kuɗin da zai kai irin wannan murhu ga gidaje kuɗin kare daji ne kai tsaye. Na biyu shi ne tsaro. 'Yan bindiga a Sabon Birni da Isa, da Lakurawa a dazukan Tangaza da Gudu, sun sa ma'aikaci da ɗan kwangila ba sa iya zuwa inda bukata ta fi tsanani, sai aiki ya taru a kusa da birni da bakin kwalta. A irin waɗannan wurare dabarar da ba ta bukatar komai sai wuƙar manomi ita ce kawai za ta iya tafiya, muddin manomin yana iya zuwa gonarsa.

Abin da za a iya gyarawa a cikin wa'adin da ya rage ba shi da tsada. A mayar da ranar ƙirge daga Agusta zuwa Mayu, ƙarshen bazara, a ƙirga itacen da ke da rai, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai dashensa ya ga rani na biyu. Ɗaliban gandun daji da na labarin ƙasa na jami'o'in jihar za su iya wannan ƙirge, a liƙa sakamakon a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar uban ƙasa, a karanta shi a rediyo da Hausa. Majalisar Dokokin Jiha ta bayyana a doka cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, ya sassabe ya sayar ba tare da neman izni ba, hakimai da sarakunan noma da ardo-ardo kuma su zauna su shata ƙa'idar sara da kiwo tare, domin makiyayin da aka hana burtali ba zai girmama shinge ba. A fifita itacen da ke da kasuwa a nan gida, bagaruwar da majema ke bukata, dakwarar da ke ba da ƙaro, magarya da aduwa da zogale. A ɗauki manoman Gada da Illela, maza da mata, a kai su Tawa da Maraɗi su gani da idonsu. Wa'adin ACReSAL zai cika a 2028, wanda ke nufin dashen damina biyu na ƙarshe zai yi raninsa mafi haɗari bayan an rufe littafin shirin, kuma idan za a biya masu rainonsa, sai an sa layin kuɗin a kasafin Jihar Sakkwato tun kafin wannan shekara ta zo.